Ruwan Tankin Kawu

Kafin in je Doha, abin da maigidana ya faɗa wa mutanen gida shi ne yana aiki a kamfanin kula da manyan gine-gine. Ba ƙarya ya yi ba, amma bai faɗi duka ba. Sai da na sauka, da jaririyata a baya, sannan na ga kamfanin da idona: farar mota ɗaya mai tankin roba a cikinta, dogayen sanduna a ɗaure a samanta, sai shi, sai Kawu. Taga suke wankewa. Wai akwai wani Balarabe, kafil ɗinsu, wanda sunansa ke kan takardu, amma har na baro ƙasar ban ga ko ƙeyarsa ba. Kawu ne ke magana da shi. Kawu ne ya kawo maigidana, kuma bakin Kawu ne ya samar mini bizar ziyara, wadda sai an riƙa sabuntawa. Na faɗi wannan tun da wuri don a san a tafin hannun wa muke zaune.

Kawu ƙanin mahaifiyar maigidana ne. Ya daɗe a can, har Hausarsa ta cika da yalla da khalas, wato maza da shi ke nan na Larabawa, ko ruwan alwala zai nema sai ya haɗa da yalla. Gajere ne mai tumbi, kullum aljihun gaban rigarsa da wata 'yar na'ura kamar ƙaton biro. Zan dawo kan biron nan, don shi ne ya raba ni da Doha.

A unguwar Bin Omran muke, cikin wani tsohon gida da aka yayyanka da katako aka mayar da shi ɗakuna. Namu ɗaya ne, da ɗan banɗaki, kicin kuma na kowa da kowa. Kawu yana ɗakin bakin ƙofa. Jikin namu akwai wata 'yar Ghana, 'yar Zangon Kumasi, mai aikin shara a wata makaranta. Anti nake ce mata. Ita kaɗai ce macen da nake iya yin Hausa da ita a gidan.

Ni a garinmu da layin tuƙa-tuƙa na tashi. Na san nauyin jarka a ka, na san jarka nawa kurar 'yan garuwa ke ɗauka. Innata ruwa ɗaya sai ya yi mata aiki uku: a wanke shinkafa, a wanke kwanuka, sannan a ba awaki ko a yayyafa wa tsakar gida. Karatuna bai yi nisa ba, amma in na kalli ruwa na san yawansa. Shi ya sa tun yammacin farko da na ga yadda suke cika tankin nan, na kasa ɗauke ido.

Da la'asar Kawu zai jona tiyo a famfon tsakar gida. Ruwan ya bi ta wasu fararen gwangwanaye, ya bi ta wani dogon bututu, ya ƙare a wata tukunya kamar ta gas, wadda aka cika da ƙwayoyi kamar gero. Wai duk tacewa ake yi. Daga nan tiyo biyu ke fitowa. Ɗaya na tsiyaya siriri zuwa cikin tanki, ɗayan kuma na kwarara cikin kwata. Na tsaya na auna da ido: wanda ake zubarwa in bai fi wanda ake tarawa ba, to sun yi kunnen doki. Kuma muddin injin na aiki, famfon kicin sai dai ya riƙa ɗiga, mata na tsaye da tukwane suna tsaki da yarensu. Tankin ya kai kura biyu ta 'yan garuwa. Kullum sai an cika shi, kullum sai ya dawo wayam ko da ɗan saura. A watannin zafi ma har dawowa suke da rana su ƙara. Ruwan da zai riƙe gidanmu da awakinmu kwana da kwanaki, shi ake ƙararwa a jikin gilashi tsakanin safe da yamma.

Na ɗauki bokiti na tara a bakin tiyon kwata, in yi wanki da shi. Kawu ya gan ni ya yi ta dariya, har da kiran maigidana ya zo ya ga matarsa tana tarar datti. Wato ruwan da muke wanka da shi, muke alwala da shi, shi ne datti. Na ci gaba da tarawa, Anti ma ta kawo nata bokitin.

To, biron. In aka tsoma bakinsa a ruwa, lambobi ke fitowa a jikinsa. Ruwan famfo, lambobi. Ruwan babbar gora shuɗiya da ake kawowa gidaje don sha, lambobi. Ruwan tankin Kawu kuwa, ziro uku a jere. Su a wurin aiki amfaninsa ɗaya ne: in ziro ya nuna, ruwan zai bushe a gilashi bai bar tabo ba, in lamba ta fara hawa, an san lokacin canza ƙwayoyin nan ya yi. Iyakarsa ke nan. Amma Kawu ya mayar da shi alƙali. Ba abin da bai tsoma shi a ciki ba. Ya tsoma a shayi, ya tsoma a kunun da na dama, ya taɓa tare Anti a hanya ya tsoma a gorarta, ta ce masa in ya sake za ta tsoma shi a kwata shi da biron. Kullum maganarsa ɗaya: duk ƙasar nan ba mai shan ruwa mai tsabta irin nasa, har likitoci, mutanen gida kuwa laka suke sha, Allah ne kawai ke tsare su.

Abin takaici, ya samu mabiya. Ranar Juma'a 'yan garinmu masu gadi da direbobi kan zo cin abinci, kowa da gorarsa a hammata. Manyan maza da gemu, su yi layi a bayan motar wankin taga ana tsiyaya musu. Wani ya rantse ciwon bayansa ya tafi. Wani ya ce tun da ya fara sha idonsa ya washe. Ni na ɗanɗana sau ɗaya, salam, ba daɗi ba ɗaci, sai wani ɗan warin roba da ke biyo baya.

Duk wannan bai dame ni ba sai da yarinyar ta fara zama, aka ce a fara ba ta ruwa da ɗan kunu. Yayata ta rasa ɗanta yana daidai wannan girman. Gudawa da amai ne, ina wurin, na ga yadda maɗigarsa ta faɗa ciki kamar an danna da babban yatsa. Tun daga ranar da na haihu hannuna bai rabu da tsakiyar kan 'yata ba. In tana barci in shafa, in ta yi kuka in shafa, in ta yi kashi sai na kai shi bakin taga na duba. Ruwanta kuwa na shuɗiyar gora ne, kuma sai na tafasa shi na bar shi ya huce a rufe, kofinta da cokalinta ma tafasawa nake. Maigidana na cewa na cika tsoro. Na cika ɗin.

Sai ga Kawu wata yamma da 'yar jarka a hannu, ya dire ta a bakin ƙofarmu. Ya ce ta mutuniyarsa ce, haka yake kiran yarinyar, daga yau kada a sake ba ta ruwan lambobi. Kullum zai riƙa aiko da sabo. Na durƙusa na yi godiya, don abin da aka koya mini ke nan.

A nan sai na yi bayanin wani abu, don Anti ma sai da na yi mata ta gane. Yarinyar 'yar fari ce. A gidanmu, da gidan su maigidana, uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari a gaban manya. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in yana kuka a gaban surukai sai ta kawar da kai har wani ya ɗauka. In an ce ɗanki, ta ce ba nata ba ne, na masu shi ne. A gida wannan ba wahala, don akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matan yayye, su ne bakinki. Abin da ba ki so a ba ɗanki, ki raɗa wa ɗaya, ita ta faɗa da ƙarfi. A Bin Omran ba ni da kowa. In Kawu ya shigo, sai in miƙa wa Anti yarinyar in tana nan, in ba ta nan in ajiye ta a katifa in koma bakin ƙofa. Anti ta ce ita ba ta taɓa ganin wauta irin ta 'yan Najeriya ba, mutum ya sha naƙuda sannan ya ce abin ba nasa ba ne. Ta ce su a Zango, wanda ya taɓa kofin ɗanka sai unguwa ta ji.

Ban ba ta ruwan ba, amma a lokacin ba ni da wani dalili sai warin robar. Dalilin ya zo ne ranar rigakafi. Maigidana ya ce za su sauke mu a asibiti, sai dai akwai gida ɗaya a Umm Salal da aka ce a zo da safe, in zauna a gaban mota da sanyin esi har su gama. Ranar na ga aikin da ya raba miji da matarsa ya kawo shi wata ƙasa.

Gida ne hawa biyu, gabansa kusan duk gilashi. Maigidana ya tsaya a ƙasa, ya riƙa zaro sandar gaɓa-gaɓa har ta kai tagar sama. A kanta akwai buroshi, siririn tiyo ya bi ta cikinta, ruwa na fita ta 'yan ƙofofi biyu a tsakiyar buroshin. Ya goga sama da ƙasa, ya bi gefe-gefe, sannan ya ɗan janye buroshin ya bar ruwa ya yi ta zuba daga sama har ƙasa. Ba sabulu, ba tsumma, ba tsani. A bar shi ya bushe da kansa. Gaskiya yana ƙyalli, ba zan hana shi wannan ba. Wuyan maigidana a tanƙware, idonsa cikin rana, ruwa na bin hannunsa zuwa hammata. Kawu kuwa yana inuwar katanga da waya a hannu, aikinsa yalla, yalla, ƙara ɗauraye. Gilashin ya riga ya ɗau zafi, ruwan na taɓa shi yana ƙafewa, sai an yi ta zubawa. Famfon motar na ta gurnani a bayana, ina jin tankin na raguwa kamar daga jikina ake zuƙa.

Na bi tagogin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kowace da labule mai kauri a bayanta, a rufe ruf. Har muka bar gidan ba wanda ya ɗaga ko gefe. Mage ce kaɗai ta leƙo ta ƙasan wani labule, ta kalli buroshin, ta koma. Ruwan da aka hana mata girki dominsa, aka zubar da rabinsa a kwata don a tace shi, ga shi yana bin bango yana shigewa tsakanin duwatsun daɓe. An wanke wa labule fuska. Kuma kafin sati ya zagayo ƙura za ta mayar da shi yadda yake, a sake kiran su.

Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Tiyon ne. Dogon tiyon da ya taso daga mota, sun ja shi ta cikin fulawoyin da aka zuba wa taki, ya bi ta ƙarƙashin inda tattabaru ke kwana, ya bi ta gefen kwandon shara. Da aka gama, Kawu ya naɗe shi, ya cire murfin tanki ya cusa bakin tiyon ciki, wai kada ya ɗiga ya jiƙa masa mota. Kafin ya cusa ma sai da ya cika gorarsa da shi, ya ɗaga kai ya sha, ya yi gyatsa, ya yi hamdala. Na kai hannu na shafa kan yarinyar.

Da yamma ana cikon tanki, Kawu ya fita, maigidana zai tafi masallaci ya ce in duba kada ya cika ya zube. Na hau bayan motar, na buɗe murfin, na haska da fitilar waya. Ruwan garau, har ƙasa ake gani. Amma a kusurwoyi, da layin da ruwa ke tsayawa, ga gansakuka kore shar. Na zura hannu na shafa bangon ta ciki. Yauƙi, kamar an wanke tukunyar kuɓewa ba a ɗauraye ba. Tankin da ke yini a rana, ba a taɓa wanke shi ba, don a wurinsu me za a wanke a mazubin ruwan da ya fi kowane tsabta?

Da maigidana ya dawo na nuna masa yatsuna. Ya duba, ya shinshina. Sai ya je ya ɗauko biron da Kawu ya bari a mota, ya ɗebi ruwan tankin ya tsoma. Ziro uku. Ya juyo mini da shi kamar ya kawo shaida. Na ce masa to abin makaho ne, tunda ga kore a hannuna bai gani ba. Ya ce in rage murya.

A ɗaki na roƙe shi ya yi wa Kawu magana. Mutum ne mai sanyi, sanyin da a da nake yabo. Ya ce in duba, mutumin nan ƙanin uwarsa ne, shi ya kawo shi, shi zai je wurin kafil a sabunta mini biza, ta yaya zai kalle shi ya ce kyautarka ƙazanta ce? Ya ce mu riƙa karɓa muna godiya, in yi wanki da shi, wa zai sani? Na yarda. Haka muka yi ta yi. Jarka na zuwa, ina durƙusawa, ina kai ta banɗaki. In Kawu ya tambaya ko mutuniyarsa na shan ruwanta, maigidana ya ce sosai ma. Kawu ya ce ai ga shi nan, dubi kumatu. Har ya fara ba baƙi labari cewa ruwansa ne ya yi mata ƙiba. Nonona da kununa, amma tanki ya samu lada.

Ranar da abin ya fashe Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Anti ta tafi wurin 'yan garinsu. Na yi tuwo da miyar kukar da na zo da ita daga gida, Kawu da baƙi biyu suka shigo ɗakinmu. Famfon waje wani na wanki, sai Kawu ya shiga banɗakinmu wanke hannu. Na tuna jarkar tana nan kusa da tsintsiya, ga wandunan yarinyar na jiƙa a roba a gefenta. Ya fito ya koma wurin zamansa. Ya ci tuwonsa har da ƙari, ya suɗe hannu, ya yaba miya.

Sannan ya ɗauki yarinyar daga katifa ya ɗora a cinya, ya ce, «Ke 'yar nan, kawo mini kofin mutuniyata.»

Na kawo, da tafasasshen ruwanta a ciki, na durƙusa na miƙa, na koma bakin ƙofa na juya fuska ga bango yadda ya kamata. Amma ina gani ta gefen ido. Ya zaro biron, wanda ya shiga shayi da kunu da gorar kowa, ya tsoma a kofin da nake tafasawa. Ya nuna wa baƙin lambobin. Suka girgiza kai kamar an nuna musu gawa. Ya juye ruwan a kwanon wanke hannu, ya ɗauko gorarsa ta aiki, wadda na ga inda ake cika ta, ya tsiyaya.

«Yaran yanzu,» ya ce da baƙin, «ka ba su zinariya su wanke kashi da ita. Yalla, mutuniyata, buɗe baki.»

Na kalli maigidana. Yana tsince wani abu a tabarma da ba ya nan. Na tsaya ina jira ya ɗago, ina cewa a raina yanzu zai yi magana, yanzu zai ce ta ƙoshi, ko ya ce tana mura, ko wace ƙarya ce ma. Yarinyar kuwa a lokacin komai aka nufo ta da shi buɗe baki take. Ta buɗe, har tana miƙa hannu.

Ban san lokacin da na ƙetare kwanuka ba. Na ratsa tsakiyar maza, na riƙe kofin, na kira sunanta da ƙarfi a gaban kowa, sunan da ko ni da ita kaɗai a ɗaki sai na yi ƙasa da murya nake faɗa. Na ɗauke ta daga cinyarsa na rungume.

Na ce, «Kawu, ku yi haƙuri. Ba za ta sha ba.»

Ɗaya baƙon ya sunkuyar da kai, ɗayan ya fara neman takalminsa da ido. Kawu ya dube ni daga sama har ƙasa, yana ɗan murmushi.

«Au. Yarinyar taki ce?»

Na san amsar da ake bayarwa. Tun ina ƙarama nake jin mata na bayar da ita: a'a, taku ce. In na faɗa, ya miƙo hannu, shi ke nan.

Na ce, «Tawa ce.»

Ya goge bakin biron da gefen rigarsa, ya mayar aljihu, ya ɗauki gorarsa. Ya ce da maigidana ya gode da tuwo. A bakin ƙofa ya ce khalas, bai ce da kowa ba, ya fita. Baƙin suka bi shi. Maigidana ya ce da na bari ai da zai yi magana. Na tambaye shi yaushe, bayan ta haɗiye? Sai ya tattara kwanuka ya kai kicin, abin da bai taɓa yi ba.

Jarka ta daina zuwa. In na gaida Kawu sai ya amsa wa wayarsa. Kafin kwana ya zagayo labari ya isa gida, surukata ta kira ɗanta ta daɗe tana magana, ina jin muryarta daga inda nake, wai an kai yarinya ƙasar waje ido ya buɗe, kunya ta zube. Anti da ta dawo ta ji, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta dafa mini shinkafa da wake irin tasu ta kawo, ta ce yau na zama mutum. Ni ban ji na zama komai ba. Tsoro nake ji, na san abin da ke tafe.

Da lokacin sabunta biza ya matso, maigidana ya je wurin Kawu. Kawu ya ce kafil ya yi tafiya. Ya sake komawa, aka ce bai dawo ba. Daga nan bai ƙara tambaya ba, ni ma ban ce ya ƙara ba. Wata safiyar Juma'a, Kawu na barci, na leƙa na ga maigidana a bayan mota, ya juye tankin, ya zura hannu har kafaɗa yana dirzar cikinsa da soso. Koren ruwa na bin kwata. Da ya gan ni sai ya yi kamar wani abu yake nema. Tankin ya iya wankewa, bakinsa ne bai iya buɗewa ba. Ban faɗa masa haka ba, na kawo masa bokiti.

Biza ta ƙare. Ana gobe za mu taso ni da yarinyar, ya kai mu Corniche, bakin teku, da yamma. Ga jiragen ruwa na katako a ɗaure, ga mutane na ta tafiya ba inda za su. A ƙetaren ruwan dogayen benaye, tun daga ƙasa har sama gilashi. Ya ce waɗannan sanda ba ta kai musu, da igiya ake saukowa, yana fatan wata rana ya samu irin aikin. Ni kuwa ina ta lissafin kura nawa kowane zai sha, har na gaji na bari. Ya karɓi yarinyar ya ɗora a kafaɗa, ya kira sunanta a hankali, yana waige kamar Kawu zai ɓullo daga cikin teku.

Yana can har yanzu, yana riƙe sanda. Kawu ma yana nan, yana shan ruwansa, kuma ba zan yi ƙarya ba, an ce ko ciwon kai ba ya yi, tumbin ma ƙaruwa ya yi. Wataƙila da ta sha ba abin da zai same ta. Wannan mai son gwadawa ya gwada da nasa.

Da na iso gida Innata ta yi mini faɗa a gaban mutane, faɗa sosai, don a ji. Da aka watse ta karɓi yarinyar, ta zame mata hula, ta shafa tsakiyar kanta, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta tashi ta ɗora ruwa a wuta.

A gidan su maigidana kuwa sun sa mini suna. In na shiga gaisuwa, matan gidan su taɓa juna su ce ga mai 'ya nan ta zo. Yarinyar yanzu tana tafiya, tana riƙe da gefen zanena, tana jan kofinta a ƙasa ina ƙwacewa ina wankewa. Su ce, mai 'ya, sannu da zuwa.

Ina amsawa.